Mudun Bulon Roba A Kasuwar Illela

Wannan makon ba ci-gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa. Wani ɗan ciniki ne da na yi ya hana ni sukuni, har ya sa na shiga tonon tarihi.

Ranar wata Lahadi, wadda ita ce ranar da kasuwar Illela ke ci, na bi ta layin 'yan gwanjo ina neman wa autana rigar sanyi. Can gefe sai na ga wani dattijo ya shimfiɗa buhu, ya zube tarkacen kayan wasan yara a kai: 'yan tsana marasa hannu, motoci marasa taya, da tulin ƙananan bulullukan roba masu launi, irin waɗanda ake harhaɗawa a gina gida ko mota. Da mudu yake auna su kamar gero. Na ce, "Baba, nawa mudu?" Ya ce, "Hajiya, taya." Na taya, ya ce albarka, na ɗan ƙara, ya sallama. Kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba.

Da dare ɗan yayata da ke karatu a Sakkwato ya zo gaishe ni, ya tarar da yara sun baje su a tabarma. Ya ɗauki wani ɗan mutum-mutumi mai rawayar fuska da hular 'yan sama jannati, ya juya shi, ya danna waya, sannan ya ce, "Inna, kin san wannan shi kaɗai a Turai ya fi kuɗin da kika biya duk mudun?" Dariya na fara yi. Da na kwanta kuma sai barci ya ƙi zuwa, ina ta tambayar kaina, shin ciniki na yi ko tsohon nan na cuta?

Mu dai a tasowarmu ba mu san ana sayen abin wasa ba. Yara maza su ne maƙeran kansu: su fere karan dawa su yi mota har da madubi, ko su tsinto gwangwanin madara su buɗe shi su ƙera motar langa-langa, tayoyinta na tsohon silifa. Mu mata kuwa gidan laka muke ginawa mu yi wa 'yar tsana jere. Abin da ba a saya ba, ba shi da farashi, shi ya sa babu dillalin da ya gaji sanin kuɗinsa. Dillalin shanu a kara zai dubi haƙorin sa da tozonsa ya faɗi kuɗinsa ba kuskure, domin kakansa ma abin da ya yi ke nan. Amma bulon roba baƙo ne, kuma ta hanyar gwanjo ya shigo mana.

Ita hanyar gwanjon tana da nata tarihin. Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomita kaɗan ne tsakaninsu, dangi ɗaya, harshe ɗaya, sai Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Daga nan wannan gefe da wancan kowa ya samu kuɗinsa da dokarsa, kuma wannan bambancin shi ne jarin garuruwan biyu. Nijeriya ta hana shigo da tufafin gwanjo tun shekarun 1970, Nijar ba ta hana ba. Sai diloli suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da sunan kayan Nijar ne, su hau ta Malanbil da Gaya da Doso su iso Ƙonni ko Maraɗi, daga nan kuma kowa ya san sauran. Kayan wasa ba don kansu ake tahowa da su ba, rakiya suke yi wa takalma da jakunkuna, a buhu ko kwali, kuma da kilo ake sayar wa 'yan sari. Ke nan wanda ya saro, nauyi ya biya, ba abin da ke ciki ba.

Farashin wannan kilon kuwa ba a Illela ake yanke shi ba. An rufe iyaka a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Agustan 2019 aka sake rufewa, sai Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, har da tamu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka kuma garƙame ta zuwa Maris ɗin 2024, gadar Gaya ta rufu, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, ga naira ta faɗi a wannan shekarar ta 2023. Duk lokacin da irin haka ta faru, mudun tsohon nan sai ya motsa, alhali bulon da ke ciki bai canza ba.

To shi bulon daga ina? Wani kafinta ne ɗan ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a ƙauyen Billund a 1932, lokacin da aikin gini ya tsaya saboda karyewar tattalin arziki. Ya raɗa wa kamfaninsa suna Lego, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara bulon roba, a 1958 suka yi rajistar fasalin da ake amfani da shi har yau, mai 'yan bututu a ƙasa da ke sa bulo ya kama ɗan'uwansa gam. Abin da ya fi burge ni shi ne, bulon 1958 zai hau kan wanda aka yi bana ya zauna daram. Wannan ne ya sa tsohonsu bai zama shara ba. 'Yan mutanen masu rawayar fuska kuwa a 1978 suka fito, kuma irin na farkon nan ne suka faɗo cikin mudun nawa. Kafin su duk akwai Meccano, na ƙarfe mai noti da kusoshi, wanda Frank Hornby na Libaful ya ƙirƙiro a 1901.

Yaran da suka yi wasa da waɗannan abubuwa a Turai da Amurka sun girma, sun yi kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu ido rufe. Kasuwar ke nan. A shekarar 2000 wani mai suna Dan Jezek ya buɗe musu kasuwa a intanet mai suna BrickLink, wadda kamfanin Lego da kansa ya saye a 2019. Ɗan yayata ya nuna mini wani abu a cikinta da ya sa na ce ashe Bature ma ya san dillanci: gefe guda ga kuɗin da masu kaya suka sa suna, ɗaya gefen ga kuɗin da aka sallama a watanni shida da suka wuce. Mai wayo na biyun yake dubawa. Mu ma ai haka ne, ba a tambayar nawa aka yi wa rago suna, sai dai nawa aka ja shi.

Sauran ƙa'idojin nasu ma babu wanda matar da ta taɓa sayen tsohuwar atamfa ko kwalla ba ta sani ba. Na asali kowane ƙullutu na kansa akwai sunan kamfanin a rubuce, ƙanana ƙwarai, jabu kuwa sumul yake ko wani suna ne daban. Fari in ya sha rana sai ya koma ruwan ƙwai, darajarsa ta ragu. Shatin haƙorin yaro aibi ne. Saiti cikakke da ɗan littafinsa da kwalinsa daban, wanda aka tsinto rabi daban, kamar dai jeren kwanuka ne da murfi ɗaya ya ɓata. Kuma tsada ba ta da tabbas. A 2007 kamfanin ya fitar da wani jirgi na fim ɗin Star Wars mai gutsattsari sama da 5,000 a kan dala 500. Da aka daina yin sa, sai ya koma dubban daloli a hannun masu ɓoyo. A 2017 suka fito da sabo wanda ya fi shi girma, mai gutsattsari 7,541, a dala 800, nan take tsohon ya sauko. Masu ɓoye albasa a Gada da Gwadabawa sun san irin wannan zazzaɓin.

Duk wannan bai amsa tambayata ba. Na tuna a Islamiyya an karantar da mu cewa an hana tare fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shigo kasuwa, dalili kuwa shi ne ba su san farashin gari ba. Shin ba abin da na yi ke nan ba? Amma da na sake nazari sai na ga ai ni ma ban sani ba lokacin da na taya, kuma a tsakiyar kasuwa muka yi, ido na ganin ido. Ban da haka, kasuwar da ɗan mutum-mutumin ke da wannan darajar ba tamu ba ce. Muka zauna da yaron muka tsince mudun kaf, kusan rabi jabu ne, sauran kuma babu saiti ko ɗaya da ya cika. Muka lissafa kuɗin aika ɗan ƙunshi daga Sakkwato zuwa Turai, da wahalar yadda dalar za ta iso hannu, da cewa babu Baturen da zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa jin sunansa ba, sai ribar ta narke kamar ƙanƙara a watan bazara.

A gaskiya ma wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai saye ta waya. Yanzu 'yan gwanjo sun koma Facebook da WhatsApp, a ɗora hoton buhu a ce na Turai ne zalla, ka tura kuɗi a sa maka a mota. Wata ƙawata ta yi haka don makarantar rainon yara da ta buɗe, na saman buhun ne kawai na kirki, na ƙasan ko kama juna ba sa yi. Malaman fiƙihu sun daɗe da hana sayen kifi a ruwa, kuma a nawa ganin hoto a waya ruwa ne. Tsohon mai mudu aƙalla ya bar ni na dama da hannuna.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Lahadin da ta zagayo na koma, na same shi a gurbinsa, na zayyana masa komai, na nuna masa rubutun da ke kan ƙullutun, na miƙa masa ƙarin da na ga ya dace. Ya daɗe yana juya bulon a hannunsa yana kanne ido, sannan ya ce, "To Hajiya, wa za ya ba ni dala nan Illela? Na yahe, Allah shi yi albarka." Sai da na matsa ya karɓa.

Bayan mako biyu na aiki autana ya ƙaro rabin mudu. Ya dawo hannu wofi, wai Baba ya ce yanzu ba a aunawa, ɗai-ɗai ake sayarwa, kuma kayan Turai ne duka, har da jabun.