Yadda Giɓin Kasafin Kuɗi Ya Zama Ɗan Gida a Najeriya

Kafin man fetur ya mamaye komai, da gumin talaka gwamnati take rayuwa. A Arewa dagatai da masu unguwanni ne ke tara haraji su kai baitulmalin En'e, makiyaya suna biyan jangali, hukumar sayen amfanin gona kuma tana cin ribar gyaɗa da auduga. An sha zalunci a tsarin, shi ya sa gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Amma lokacin ido ya riga ya koma kan kason da ke zuwa daga gwamnatin tarayya a Legas.

Tashin farashin mai na 1973 ne ya sauya lissafi. Kuɗi suka kwararo, aka yi ƙarin albashin Udoji, a 1976 aka mayar da jihohi 19, aka soma ilimin firamare kyauta, aka yanke shawarar gina Abuja. Da kasuwar mai ta ɗan yi sanyi, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ciyo bashin dala biliyan 1 a 1978. Tun daga nan, a mafi yawan shekaru, hidimomi suka riƙa rinjayar kuɗin shiga.

Shagari ya gwada tsuke bakin aljihu a 1982. Babangida ya buɗe muhawara kan bashin IMF a 1985, jama'a suka ce ba sa so, sai ya kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da aka ƙi. Darajar naira ta faɗi, aka sayar da kamfanonin gwamnati, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. A 1994 aka soma karɓar harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari.

An sami sararawa a 2005, lokacin da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe kimanin dala biliyan 18, Najeriya ta biya wajen biliyan 12. Wata doka ta 2007 ta ƙayyade kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Sai dai asusun rarar mai da aka buɗe a 2004 bai tsira daga rabo ba, don haka faɗuwar farashi ta 2014 ta tarar da rumbu ya kusa ƙarewa. Gwamnatin Buhari ta koma rance, har abin da ta karɓa daga Babban Banki ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda aka mayar bashin shekara 40 a 2023.

A tsawon wannan tarihi shawara biyu ke ja-in-ja. Masu ta farko suna cewa harajin da Najeriya ke tarawa ya yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da na sauran ƙasashen Afirka. Su ne suka ɗaga VAT zuwa kashi 7.5 a 2020, kuma ƙudurorin dokar haraji da Tinubu ya aika majalisa a Oktoban 2024 sun nemi a kai shi 15 sannu a hankali. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa, saboda sabon tsarin rabon VAT zai fifita jihar da aka tara kuɗin. Da aka sa hannu kan dokokin a Yunin 2025, VAT ya tsaya a 7.5.

Masu ta biyu suna cewa a rage kashe kuɗi, amma a nan ma kai ya rabu: na wa za a rage? Jonathan ya janye tallafin mai a Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka sauko da ita 97. Tinubu ya janye shi ranar 29 ga Mayun 2023 da jimla ɗaya a jawabin rantsuwa. Rahoton kwamitin Oronsaye kuwa, wanda tun 2012 ya ce a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161, ya shafe fiye da shekara 10 yana jiran aiwatarwa.

A nan matsalar take. Abin da ya shafi aljihun talaka dare ɗaya ake zartar da shi, wanda ya shafi ofis da alawus sai a kafa masa kwamiti. Ƙasar nan tana bukatar ƙarin haraji, domin mai ba zai iya ɗaukar mutum sama da miliyan 200 ba. Amma ɗan kasuwar Kwari da manomin Funtuwa ba za su biya da daɗin rai ba sai sun ga masu mulki sun fara ragewa daga nasu, sun kuma ga kuɗin a asibiti da makaranta.