Toshewar dubura a 'yan tsaki: Dalili, magani da hanyar kariya

Toshewar dubura na cikin matsalolin da suka fi kashe 'yan tsaki a kwanaki goman farko na rayuwarsu, kuma na cikin waɗanda suka fi sauƙin magancewa idan an farga da wuri. Yadda abin yake shi ne kashi mai danƙo ya manne a lallausan gashin da ke kewaye da duburar ɗan tsako, ya bushe, wani ya ƙara taruwa a kansa, har ya zama dunƙule mai tauri ya rufe ƙofar baki ɗaya.

Kaza ba ta da mafitar fitsari daban. Kashi da fitsarinta, wato farin abin nan da ake gani a saman kashin, duk ta ƙofa guda suke fita. Saboda haka idan ƙofar ta toshe, ƙazanta na taruwa a cikin ɗan tsakon, ya daina ci, ya galabaita, kuma yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a kwali biyu ko uku a bayan gida da nufin sayarwa a lokacin Sallah ko Kirsimeti, wannan shi ne ɗan hakin da ka raina.

Yadda ake gane ta

Hanya mafi tabbaci ita ce a ɗauki ɗan tsako a juya shi a duba ƙarƙashin wutsiyarsa. Lafiyayye za a ga wurin a bushe, gashin tas. Wanda ya kamu kuwa za a ga dunƙulen kashi, fari ko ruwan ƙasa, a manne. Kafin a kai ga ɗauka ma akwai alamu: ɗan tsakon yakan ware gefe guda, ya saki fukafukai, ya riƙa lumshe ido, yana kuka mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci a gan shi yana yunƙurin kashi amma babu abin da ya fito.

A nan akwai kuskuren da sababbin masu kiwo ke yi. Dubura tana can ƙarƙashin wutsiya, cibiya kuma tana ƙasa da ita, a ciki, wajen tsakanin ƙafafu. Ɗan tsakon kwana ɗaya ko biyu yakan zo da ɗan busasshen ɓawo a cibiya, inda jikinsa ya shanye gwaiduwar ƙwai kafin ƙyanƙyasa. Wannan ɓawon ba kashi ba ne, da kansa yake faɗuwa. Wanda ya ɓamɓare shi yana iya buɗe ciki ya jawo zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta.

Abubuwan da ke kawo ta

Ba kasafai ake ganin wannan matsala a 'yan tsakin da uwarsu ke raino ba. Ta fi yawa a waɗanda aka ƙyanƙyashe a inji aka raina da hannu, kuma dalilanta sanannu ne.

Na farko wahalar tafiya. Kaso mai yawa na 'yan tsakin da ake sayarwa a Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri daga kamfanonin ƙyanƙyasa na Kudu maso Yamma suke zuwa, musamman yankin Ibadan, a cikin kwalaye masu ɗaukar hamsin-hamsin. Gwaiduwar da ke cikinsu tana iya riƙe su har kimanin awa 72 ba ci, amma doguwar tafiya cikin zafi da cunkoso tana ƙone ruwan jikinsu. Ɗan tsakon da ya iso da ƙishirwa kashinsa yakan yi kauri da danƙo.

Na biyu rashin daidaiton zafi a ɗakin raino. Ɗan tsako ba ya iya daidaita ɗumin jikinsa da kansa sai bayan kimanin mako biyu. A makon farko yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, a daidai tsayinsa, sannan a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Zafin da ya wuce kima shi ne ya fi jawo toshewar, domin yana busar da jikinsu. Sanyi ma yana jawowa. A Arewa haɗarin ta fuska biyu yake: daren hunturu a Disamba da Janairu idan gawayi ya mutu ko aka ɗauke wuta, da kuma ranakun bazara a Maris da Afrilu idan aka bar tukunyar gawayi tana ci a ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana.

Na uku abinci da ruwa. Abincin da ya yi fumfuna, ko na manyan kaji, ko tsaki da dusa zalla, ko sauya abinci farat ɗaya, duk suna dagula cikin ɗan tsako. Haka nan yawan zuba sukari ko gulukos a ruwa na kwanaki da yawa. Garin katako mai laushi da ake shimfiɗawa shi ma matsala ne, domin 'yan tsaki kan ɗauka abinci ne su tsattsaga.

Na huɗu cuta. Akwai farin zawon da ƙwayar Salmonella ke kawowa, wanda ke iya biyo ɗan tsako tun daga cikin ƙwai. Akwai zawon jini, wanda likitoci ke kira Coccidiosis, da ya fi bayyana daga mako na uku. Akwai kuma Gumboro, wadda ta fi kama kaji tsakanin mako uku zuwa shida, tana zuwa da farin zawo mai ruwa da ke ɓata bayansu.

Yadda ake cire kashin

Kayan aikin duk na gida ne: ruwan ɗumi a ƙaramin kwano, auduga ko tsumma mai laushi, busasshen tawul, da man Basilin ko man gyaɗa. Ɗumin ruwan ya zama irin na wankan jariri, a gwada shi a bayan hannu.

A riƙe ɗan tsakon a tafin hannu ba tare da matse ƙirjinsa ba, bayansa na waje. A jiƙa audugar a ɗora a kan dunƙulen na minti ɗaya ko biyu, a sake jiƙawa a sake ɗorawa har ya yi laushi. Idan ya yi tauri sosai, a tsoma bayan kaɗai a cikin ruwan, kada ruwa ya taɓa ciki da fukafukai. Da ya jiƙu sai a murje shi a hankali da yatsu, a goge zuwa ƙasa.

Kada a fizge busasshen kashi. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, fizga tana tuge gashi har da fata, ta bar rauni. Ja a jikin ɗan tsako kuwa yana jawo 'yan uwansa su yi ta saransa da baki. Sau da yawa da zarar ƙofar ta buɗe za a ga ya saki kashi mai yawa nan take, wannan alama ce mai kyau.

Bayan an gama a tsane shi da tawul, a ajiye shi kusa da wuta har gashinsa ya bushe sarai kafin a mayar da shi cikin sauran. Jiƙaƙƙen ɗan tsako sanyi ke kashe shi cikin ɗan lokaci, don haka a hunturu an fi so a yi aikin da hantsi, a cikin ɗakin rainon. Sai a shafa ɗan mai kaɗan a gefen duburar don kada wani kashin ya sake kamawa. A tsoma bakinsa a ruwan sha ya kurɓa. A sake duba shi safe da yamma na kwana uku, domin wanda ya taɓa toshewa yakan maimaita.

Mai aikin ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa su, a zubar da audugar nesa da ɗakin. Kashin kaji na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum gudawa, saboda haka kada a bar ƙananan yara su yi wannan aiki.

Hanyar kariya

Wanke dubura ceto ne na gaggawa. Idan ba a gyara abin da ya kawo ta ba, gobe wasu za su kamu. A ɗumama ɗakin raino sa'o'i kafin isowar 'yan tsaki. Da sun iso a fara ba su ruwa mai tsafta, wanda ba mai sanyi ƙarara ba, da sinadarin bitamin na rage gajiya, sannan a sa musu abincin farko na 'yan tsaki. A shimfiɗa buntun shinkafa ko sassaƙen katako mai kauri, a rufe da takarda a kwanakin farko.

Ko babu ma'aunin zafi, 'yan tsakin da kansu suna nuna halin da suke ciki. Idan sun cunkushe a jikin wuta suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun gudu jikin bango suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun taru a kusurwa ɗaya, iska ce ke shigowa ta wani gefe. Idan sun bazu ko'ina suna ci suna sha, komai ya daidaita. Mai amfani da gawayi ya bar kafar da hayaƙi zai fita, ya kuma tashi duba wutar cikin dare.

Lokacin kiran likita

Idan tsako biyu ko uku ne cikin ɗari suka toshe a makon farko, sauran kuma na ci da kuzari, gyaran zafi da ruwa yakan wadatar. Amma idan masu kamuwa na ƙaruwa kullum, ko an ga jini a kashi, ko farin zawo ya yawaita, ko ana tsintar matattu kowace safiya, to cuta ce, kuma wanki ba zai tsayar da ita ba. A ware marasa lafiya, a kai wa likitan dabbobi gawa ɗaya ko biyu da ba su daɗe da mutuwa ba domin ya buɗe ya duba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana gwajin cututtukan kaji, ita ce kuma ke samar da rigakafin Gumboro da na Newcastle.

A guji zuwa kantin magani a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba a ruwa bisa ƙiyasi. Toshewar da zafi ko ƙishirwa suka kawo ba ta buƙatarsa, kuma yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba yana sa ya daina aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsa. Abin da ya fi kowane magani amfani a kwanaki goman farko shi ne mai kiwo ya ɗaga 'yan tsakinsa ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma, ya duba bayansu.