Keke: Baƙuwar Kalma da Ta Zama 'Yar Gida

Masana harshe na danganta kalmar keke da Yarabanci, inda take nufin abin da ke tafiya a kan ƙafa mai juyawa. Ta biyo hanyar fatauci ta shigo Hausa, kamar agogo da ashana. Akwai kishiyarta, basukur, wadda aka aro daga Turanci, amma yau sai a bakin dattawa ake jin ta.

Keke kuwa ta yi 'ya'ya: keken ɗinki, keken guragu, sai Keke Napep da ya samo suna daga shirin rage talauci na 2001.

Inda na fi jin daɗinta shi ne bakin yaran Kagarawal a Gombe, masu koyon tsallake kwalbati da gangara kwari a kan keke. Ba su cewa "tuƙa keke" a nan, sai "ɗaga shi!" Suna nufin ka miƙe kan feda, ka lanƙwasa gwiwa, ka mai da nauyinka baya, kada ka damƙe birkin gaba. Feda da birki ma aro ne daga Turanci.