Kowa da Inda Ya Tsaya: Daga Maisur zuwa Ekudu

A 1948 Pattabhi Jois ya buɗe makarantar yoga a birnin Maisur na Indiya. Ɗalibai na motsa jiki a ɗaki guda, amma kowa da matakinsa, kuma malami ba ya ƙara wa mutum sabon motsi sai na baya ya zauna. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Hausawan Ekudu, wato unguwar Birikiteri ta Yawunde. Fataken da suka sauka garin tun zamanin Jamus da allo suka zo: almajiri ya biya, malam ya saurara, sannan a wanke a ɗora. Sai yara biyu su fara tare, ɗaya ya sauke, ɗaya yana izu goma.