Garin da Ba Ya Tuna Ɓarawo: Tarihin Laifi da Hukunci a Wasannin Bidiyo

Idan ka taɓa zama a gidan gem, a Wurno ne ko a cikin Sakkwato, ka san abin da zan faɗa. Yaro na buga GTA San Andreas a PlayStation 2. Ya fizgo direba daga mota, ya take mutum uku a bakin titi, taurari biyu suka bayyana a saman talabijin, 'yan sanda suka biyo shi da jiniya. Sai ya kutsa garejin fenti, aka sauya wa motar launi, taurarin suka ɓace. Ya dawo ta daidai inda ya yi ɓarnar, jama'a na ta harkar gabansu, ko mai nuna shi da yatsa babu.

To, kwatanta da wanda ya saci buhun albasa a kasuwar Wurno. Kafin magariba labari ya kai Achida. Bayan shekara ashirin, idan ɗansa ya je neman aure, masu binciken asali sai sun tono maganar. Me ya hana masu ƙirƙirar wasanni, da kuɗinsu da injiniyoyinsu, su gina gari mai irin wannan tunani? Fiye da shekara 40 ke nan ana wannan fama, kuma tarihinsa na koya mana abubuwa game da kwamfuta da ma mu kanmu.

Matakai huɗu na kama ɓarawo

Mu fara daga gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a can, a can ya rasu a 1837, kabarinsa ma yana nan. Alƙalan wancan zamani da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, kuma a wannan tsari ba a yanke wa mutum haddin sata don kawai ana zarginsa. Sai da shaidu biyu adalai ko shi da kansa ya amsa, sai an ɗauke kayan daga ma'ajiyarsa, sai kuma darajarsa ta kai rubu'in dinari. Kafin magana ta kai gaban alƙali kuwa, ta bi ta hannun mutane da yawa: wanda ya gani, mai unguwa, dillalin da ya san asalin kowace dabba da aka kawo kasuwa, da mai masaukin da ke tsaya wa baƙonsa.

In ka warware wannan, matakai huɗu ne: wani ya gani, ya riƙe a ransa, ya faɗa wa wani, sannan a auna a yanke hukunci. Riƙe waɗannan huɗun, domin duk tarihin da ke tafe ƙoƙari ne na koya wa na'ura su ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin da kwamfuta ce shaida, ita ce alƙali

Mutanen cikin wasa da ba kai ke sarrafa su ba, waɗanda masu harkar ke kira NPC, sun fara ne da 'yan ƙa'idoji kaɗan. A Pac-Man na 1980, kowace fatalwa na da dokarta: ja tana bin ka kai tsaye, mai ruwan hoda tana nufar 'yan taku a gabanka don ta tare ka. Yanayi uku kawai suke shiga: kora, watsewa, da gudu. Har yau akasarin mutanen da kake gani a titunan wasa a kan irin wannan tsari suke: tafiya, firgita, gudu, sannan komawa tafiya.

Maganar laifi ta shigo da ƙarfi a 1985, lokacin da Richard Garriott ya fitar da Ultima IV. Wasanninsa na baya sun bar 'yan wasa suna sata da kashe mutanen gari don su yi ƙarfi, sai ya gina sabon a kan kyawawan halaye takwas. Akwai makafin masu sayar da kayan haɗa magani. Kana iya biyan su ƙasa da kuɗin kaya, ba za su gane ba, amma wasan zai rage maka makin gaskiya a ɓoye. A 1993, wasan Zelda na Game Boy mai suna Link's Awakening ya yi abin da Bahaushe zai fahimta nan take: in ka yi sata a kanti, sunanka ya koma ɓarawo a bakin kowa har ƙarshen wasa. Sannan a 1997 kamfanin DMA Design da ke Dundee a Sikotilan ya fitar da Grand Theft Auto na farko, da ma'aunin yadda 'yan sanda ke neman ka, wanda daga baya ya zama taurarin nan.

Ka lura da abu guda: a Ultima babu wanda ya gan ka, a GTA kuwa lamba ɗaya ce ke hawa da sauka. Kwamfuta ta san komai, don ita ce ke lissafa kowane motsinka. Saboda haka wahalar ba ta sa ɗan sandan cikin wasa ya sani ba ce. Wahalar ita ce a hana shi sanin abin da bai gani ba. Jahilci ne ake ginawa da hannu.

Koya wa na'ura gani

A 1998 wasan Thief na kamfanin Looking Glass ya ba masu gadi ido da kunne. Haske da duhu na tasiri, takunka a kan dutse ya fi na kan darduma ƙara, kuma mai gadi na hawa matakai daga "kamar na ji motsi" zuwa bincike zuwa kora. Yadda ake yin gani a wasa mai sauƙi ne: manhaja na jan layi miƙaƙƙe daga idon mai gadi zuwa jikinka, in babu abin da ya tare layin, an gan ka.

Wannan sauƙin ne ya haifar da abin dariya. A Skyrim na 2011, 'yan wasa sun gano cewa in ka kifa wa mai kanti bokiti a ka, layin ya katse, sai ka kwashe kantin yana tsaye. Mutum na gaske zai cire bokitin ya tambaye ka ko lafiya, amma babu wanda ya rubuta wa wannan cewa bokiti a ka abin tuhuma ne. Lokacin gina wasan ma, masu aikin sun yi ta mamakin yadda ake kama ɗan wasa alhali babu kowa a wurin, ashe kaji ne ke kai rahoto, don tsarin ya lissafa su cikin shaidu. A Oblivion na 2006 kuwa, ƙorafin da aka fi yi shi ne masu gadi kamar bokaye suke: ka yi laifi a ɗaki rufe, ka fito ka tarar da su. Wato ko dai makanta, ko kuma duba.

Me ya sa suke mantuwa?

Nan ne lissafi ke shigowa. PlayStation 2 na da megabayit 32 ne kacal na ma'adanar aiki, wadda ba ta kai girman gajeren bidiyo ɗaya a wayarka ba. Wasan da ke nuna hoto 30 a daƙiƙa yana da kusan milisakan 33 ya gama komai na kowane hoto: zane, sauti, motsin motoci, da tunanin mutane. Dabarar da aka yi ita ce a ƙirƙiri mutane a kewayenka kawai, da ka yi nisa a goge su. Matar da ta ga ka take mutum ba mantawa ta yi ba. Da ka sha kwana, babu ita gaba ɗaya. Waɗanda ka tarar da ka dawo sababbi ne.

Ko da ma'adana ta wadata, mataki na uku, wato yaɗa labari, yana da tsada. Gari mai mutum 1,000, in kowa zai riƙe ra'ayi a kan kowa, alaƙa 999,000 ke nan. Ƙari a kan haka, kowace jimla da za su furta sai an rubuta ta, an ɗauki muryar ɗan wasan kwaikwayo, an fassara zuwa harsuna. Mu kuwa kyauta muke wannan aiki. Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na hirar mutane a kan mutane take. Abin da muke kira gulma a majalisa, shi ne rumbun bayanan gari.

Akwai kuma dalilin da ba na fasaha ba: da gangan ne. In garin San Andreas zai tuna kamar Wurno, wasan ya ƙare cikin minti goma, yaron da ya biya kuɗin zama kuwa ba zai dawo ba. Mantuwar na cikin abin da ake sayarwa.

Inda aka kai

Duk da haka an matsa. Shadow of Mordor na 2014 ya kawo abokan gaba masu tuna karonku na baya, su dawo da tabo da ƙullaci. Kamfanin Warner Bros. ya samu rajistar mallakar tsarin a 2021, abin da ya sa wasu ke ɗari-ɗarin kwaikwayonsa. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya gina matakai uku a fili: shaida ya gani, ya ruga ya kai rahoto, kana iya tare shi kafin ya isa, rufe fuska kuma na rage gane ka. Amma ka biya tara, kusan komai ya wuce. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 da 'yan sanda masu ɓullowa a bayanka kamar aljanu, sai a 2023 aka sake gina tsarin.

A 2023 ɗin dai, masu bincike na jami'ar Stanford da Google suka zuba mutum 25 na kwamfuta a wani ƙaramin gari, kowanne da kundin abin da ya gani da ya ji, ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT na sarrafa su. Aka sa wa ɗaya niyyar shirya biki, labarin ya bi baki zuwa baki har wasu suka hallara. Mataki na uku ke nan ya fara tsayuwa. Sai dai irin wannan basira na ƙara gishiri a abin da ta tuna, wani lokaci ta faɗi abin da bai faru ba. An samu shaida, amma ba a tabbatar adali ne ba. Mataki na huɗu, auna magana kafin hukunci, yana nan yana jira.

Abin da ya shafe mu

Kada ka ɗauka ina cewa gem ne ke haifar da ta'addanci. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke ɗora aikata kisa ko ta'asa a kan wasannin faɗa. Waɗanda suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, suka kashe mutane da dama, ba a gidan gem suka koya ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Matakan nan huɗu da injiniyoyi ke wahalar ginawa, mu gadonsu muka yi, kuma suna iya rushewa. A ƙauyukan gabashin Sakkwato da 'yan bindiga suka addaba, ido na gani, zuciya na riƙewa, amma baki ya mutu, don ba ka san wane ne infoma a majalisa ba. In kuma aka tsallake mataki na huɗu, sai a koma kan masu gadin Oblivion: a yi wa mutum hukunci a kan zargi, ba shaida ba alƙali. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, in ji Hausawa. Amma wannan rana ɗayar ba ta zuwa sai akwai wanda ya gani, ya iya faɗa ba tare da tsoro ba, da wanda zai saurara ya auna.

Gobe in ka ga ƙaninka ya fito daga garejin fenti taurari sun ɓace, tambaye shi: wa ya gan ka, kuma ina ya tafi?