Daga Akumari Zuwa Sifirin: Tarihin Ɗaukar Kaya a Hanyar Bagudo

Wanda ya tsaya a tashar mota a Bagudo ko Bahindi ranar kasuwa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin akori-kurar da ake yi wa lodi, zai ga abin da masu ƙera motar ba su sa mata ba. A kan aksul na baya, inda kamfani ya jera fallayen ƙarfe huɗu ko biyar, sau da yawa zai tarar an cusa ƙarin biyu ko uku, launinsu daban, tsawonsu bai zo daidai ba, an ɗaure su da sabon yubol. Direba zai ce an ɗaga motar ne domin ta iya kaya. Wannan ɗagawa tana da tarihin da ya girmi mota a yankin, kuma wanda ya san tarihin zai fi gane abin da ya kamata ya saya in ya tashi gyara ƙafar motarsa.

Zamanin jaki

Ƙasar Bagudo, inda Bahindi yake, nan ne Gulbin Kabi ya zo ya zuba a Kwara. Kogin ya raba ƙaramar hukumar gida biyu, Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna ɓangaren da ke fuskantar Jamhuriyar Benin. Ƙasa ce ta fadama: da damina laka, da rani rairayi da gargada.

A ƙarni na 19 Illo na cikin manyan mashigai na ayarin goro. Fatake daga Kano da Sakkwato da Jega, cikinsu har da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kan ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafiya da tufafi da kanwa da fatu, su komo da huhunan goro. Tafiyar watanni ce, kuma jarin madugu duka yana kan gadon bayan jakuna.

Saboda haka fatake suka ƙware a abu biyu. Na farko shi ne akumari, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin kaya da bayan dabba, tana shanye girgiza tana hana gyambo. Na biyu shi ne awon kaya: a daidaita shi dama da hagu, kuma kada ya wuce abin da jakin zai iya kaiwa zango na gaba. Kowane bafatake ya san cewa kaurin akumari ba ya ƙara wa jaki ƙarfin ƙafa. Wannan ilimi ne aka fara mantawa da shi bayan mota ta zo.

Iyaka ta shigo, hanya ta kauce

Bayan tseren da Lugga ya yi da Faransawa zuwa Nikki a 1894, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna a ɓangaren Ingila. Hanyar da ta kasance ɗaya ta zama biyu, da shinge a tsakiya.

Sannan kowace gwamnatin mulkin mallaka ta shimfiɗa hanyarta zuwa tashar jirgin ruwanta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can ya hau dogo. A Dahomi, dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, titin mota ya ɗora daga nan zuwa Malanbil, inda daga baya aka gina gadar da ta haɗa garin da Gaya ta Nijar. Manyan hanyoyin suka wuce ta gabas da ta yamma, suka bar ƙasar Bagudo a tsakiya da hanyoyin burji da na shanu. Ciniki bai tsaya ba, domin dangi da kasuwanni suna nan a ɓangarorin biyu. Abin da ya rage shi ne a samo abin hawan da zai jure hanyar da babu mai gyara ta.

Fijo da maƙeri

Sifirin mai fallaye ya daɗe a duniya kafin mota. Wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irinsa mai lanƙwasa a 1804, kuma masu ƙera motocin kaya suka gaje shi domin yana da sauƙi, yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksul a wurinsa ba tare da wasu ƙarafa ba. Gogayyar da fallayen ke yi da juna ma tana rage lilo.

Cikin motocin da suka yaɗa wannan fasaha a ƙauyukan Arewa akwai Peugeot, wadda kowa ya sani da Fijo. Kamfanin SCOA ya riƙa harhaɗa akori-kurar 404 a Legas, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. A shekarar ce 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, abin da ya ƙara mata suna a matsayin motar mummunar hanya. Da akori-kurar 504 ta fito wajen 1980, da sifirin mai fallaye a baya, sai ta zama jakin sabon zamani.

Sirrin karɓuwarta shi ne ana iya gyara ta a gindin bishiya. In sifirin ya kwanta, makanike ya kwance shi ya kai wa maƙeri, a buga fallayen da guduma har lanƙwasarsu ta dawo. In ana son ƙarin kaya, a ciro falle daga matacciyar mota a yanka a cusa. Wanda ya karye kuwa ba a yar da shi: ƙarfen sifirin na cikin mafi kyawun abin da maƙera ke ƙera adda da gatari da fartanya da shi. Sai ƙarfen da ya kai amfanin gona kasuwa ya koma gona.

Siyasar iyaka a ƙarƙashin mota

Abin da ya mayar da ƙarin falle al'ada shi ne bambancin farashi tsakanin ɓangarorin iyaka. Gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, an hana shigo da shinkafa a 1985, sannan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira har sabuwar mota ta gagari talaka. Tashar Kwatano ta zama ƙofar tsofaffin motoci, har sunan garin ya zama sunan duk kayan da aka yi amfani da su a Turai. Shinkafa da motoci na shigowa, man fetur mai rangwame na fita zuwa Benin, inda ake sayar da shi a kwalabe a bakin titi da sunan kpayo.

Lissafin a fili yake. Akori-kura irin Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da direba da fasinja. Buhu 20 na kilo 50 sun cika tan ɗin. Jarkar fetur mai lita 25 tana da nauyin kusan kilo 20, saboda haka jarka 50 ma sun cika shi. Amma wahalar hanya da kuɗin da ake kashewa a shingaye ba sa raguwa don kaya sun yi kaɗan, ribar tafiya tana cikin abin da aka ɗora bayan tan na farko. Duk lokacin da aka tsananta doka, kamar hana shigo da motoci ta kan tudu a Janairun 2017, ko rufe iyaka a Agustan 2019, ko hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, sai zirga-zirga ta ƙara kaucewa cikin daji, inda hanya ta fi muni.

Kuskure ne a ɗauka duk motar da aka ɗaga ta fasa-ƙwauri ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya ƙara faɗaɗa a fadamun jihar, kuma shanshera ba ta fitowa daga fadama sai a bayan akori-kura. Haka albasa da kifi da taki da injin ban-ruwa. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonaki da hanyoyi a Jihar Kebbi ta nuna cewa wani lokacin motar da ke da tsayi ce kaɗai ke kai mai naƙuda asibiti.

Kayan kwali

Toyota ta fitar da Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma a 1979. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya da motocin Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Da Fijo ta tsufa, Hilux ta gaje ta, sai dai ƙafarta ta gaba ta canja. Tsofaffin masu ƙafa huɗu suna da fallaye gaba da baya, waɗanda suka biyo baya suka koma sandar murɗa, tun daga ƙirar 2005 kuma sifirin mai naɗi ne a gaba, kowace taya tana motsi ita kaɗai. Gudumar maƙeri ba ta da aiki a nan.

A daidai lokacin ne kayan ɗaga mota na cikin kwali suka fara shigowa kasuwa, irin su Old Man Emu na Ostareliya da Bilstein na Jamus da Fox na Amurka, tare da jabunsu masu yawa. Ya kamata mai saye ya san mahaifarsu. Wasu sun fito ne daga gasar tsere a hamada, irin ta Baja a Meziko da aka fara a 1967, inda ake son mota marar kaya ta yi gudu a kan ramuka. Wasu kuma an yi su ne don doguwar tafiya da nauyi a dajin Ostareliya. Na biyun ne suka fi kusa da buƙatar Bagudo, kuma su ma ana sayar da su hawa-hawa, gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum.

Abin da ƙarin falle ba ya yi

Aikin sifirin shi ne ɗaukar nauyi, aikin shokazoba kuma shi ne kashe lilon sifirin. In aka ƙara ƙarfin ɗaya aka bar ɗayan, mota za ta riƙa tsalle, taya na rabuwa da ƙasa, a lokacin kuwa birki da sitiyari ba su da abin kamawa. A kan gargada shokazoba na yin zafi har mansa ya yi kumfa ya daina aiki, shi ya sa mai faɗin jiki da iskar gas ya fi jurewa.

Mafi haɗari shi ne ƙarin falle yana ɓoye alama. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima takan zauna da baya, kowa ya gani ya san an wuce gona da iri. In aka ɗaga ta sai ta tsaya cak, alhali aksul da boris da taya da birki da shasi duk suna nan yadda kamfani ya auna su. Girgizar da sifirin mai tauri ya ƙi shanyewa shasi ce ke shan ta, kuma a mota mai kujeru biyu, wadda yawancin kayanta ke zama bayan aksul, shasi kan lanƙwashe tsakanin gida da akwati. Ga kuma tsayi: an ɗaga jiki, an tula buhuna sama, fasinjoji sun hau kan buhunan, kwana ɗaya ta isa ta kifar da motar. Ɗagawar ba ta ma nisanta tukunyar aksul daga ƙasa, wannan sai taya mai tsayi.

Zaɓe da ɗaurawa

Mai son gyaran da zai ɗore ya fara da sikeli. A auna motar da kayan da ta saba ɗauka, a gwada da abin da ke rubuce a farantin kamfani a jikinta, sannan a zaɓi sifirin na wannan nauyi. Mai tauri a motar da ke yawo wayam azaba ne ga ƙashin baya da kuma ƙarafan motar. Tsayin da bai wuce milimita 50 ba shi ne abin da yawancin motocin zamani ke ɗauka lafiya. In ya wuce haka, sandunan da ke juya tayoyin gaba da farfela da tiyon birki za su fara aiki a karkace.

Wajen ɗaurawa, ana canja dama da hagu tare, da shokazoban da ya dace da tsawon. Yubol sabo ake sawa, domin tsohon ya riga ya miƙe, a kuma sake matse shi bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Ba a ƙarasa matse kusoshin bushin sai mota ta sauka daga jak nauyinta ya zauna. Falle ba a yi masa walda, zafin yana kashe ƙarfen ya karye a gefen ɗinkin. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya mai auna nauyi yana raba ƙarfin birki, kuma in aka ɗaga mota ba a daidaita shi ba, zai ɗauka babu kaya ya rage birkin baya. Daga ƙarshe a daidaita tayoyin gaba da hasken fitila. Jabun kaya kuwa, araha ba ta ado, balle a inda makanike mafi kusa yake nisan rabin yini.

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya rage ribar jarka, rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar kuma ya sake karkatar da kaya zuwa wasu mashigai. Dokoki na canjawa, fadama tana nan yadda take. Muddin hanyar da ke tsakanin gona da kasuwa ba ta samu kwalta da magudanan ruwa ba, mai mota ne zai ci gaba da biyan kuɗinta a gareji, falle bayan falle. Abin da ke hannunsa shi ne abin da ke hannun madugun da ya ƙetare Kwara a Illo: ya gyara akumari da kyau, sannan ya ƙirga kaya kafin ya ɗora.