Takin Zamani a Kwarin Rima: Yadda Manomi Ya Tashi Daga Mai Taki Ya Koma Mai Saye

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun tarihin taki a fadamar da ta miƙa daga Argungu zuwa Birnin Kabi, mu ga lokacin da ya kuɓuce daga hannun manomi, da abin da ke ɗaga farashinsa.

Kafin zuwan takin Bature, manomin wannan yanki yana da masana'antu biyu da ba ya biya wa haraji. Ta farko ita ce Gulbin Kabi, wanda kan cika ya batse da damina, ya shimfiɗa laka a fadamar shinkafa. Ta biyu kuwa shanu ne. Bayan girbi sai Bafillace ya kafa mashekari a gonar tudu, dabbobi su ci kara, su bar kashinsu, mai gona kuma ya sallame shi da gero ko dawa. A kan wannan ake ƙara toka da sharar gida da jakuna ke kaiwa gona. Wato dai kuɗin taki a wancan zamani gumi ne da hatsi da zaman amana da makiyayi.

Farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi. Madatsar Bakalori da aka gama a 1978, da ta Goronyo a 1984, suka sauya yadda ambaliya ke sauka. Ana cikin haka gwamnati ta shigo da kuɗin mai. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta karɓe sayo taki da rarraba shi bisa rangwame mai yawa, masana'antar sufa ta Kaduna kuma ta fara aiki. Daga baya aka gina NAFCON a Onne domin yin yuriya, amma kafin 1999 ta ƙare injunanta sun tsaya, a 2005 aka sayar da ita ga 'yan kasuwa.

A nan ya kamata mu dakata mu dubi Indiya. A 1967 ƙungiyoyin gama kai na manoma suka kafa IFFCO, kafin shekara goma ta cika tana da masana'antu a Kalol da Kandla, ribar kuma tana komawa ga ƙungiyoyin. Manoman Amurka ma sun yi irin wannan a 1946, ko da yake kamfanin nasu, CF, ya koma kasuwar hannun jari a 2005. Mu kuwa ƙungiyoyinmu ba su wuce layin karɓar buhu ba. A ganinmu rangwamen nan, duk da alherinsa, shi ya koya wa manomi jiran mota maimakon neman hannun jari.

To, me ke cikin farashin buhu? Yuriya daga iskar gas ake yin ta, Nijeriya kuma tana da gas, har Dangote ya buɗe masana'anta mai iya yin tan miliyan 3 a Lekki a 2022. Amma mai masana'anta yana iya sayarwa a waje da dala, don haka da ma'aunin waje yake yi wa na gida ciniki. Kamfa kuwa sai an haɗa da fosfat na Maroko da fotash na Rasha ko Kanada. Sannan ga kuɗin mota, domin layin dogo bai taɓa zuwa Kabi ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya. Duk buhun da ya iso Argungu ya sha dizal tun daga bakin teku.

A Birnin Kabi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa, injin casar WACOT ya buɗe a Argungu a 2017. A shekarar ne shirin taki na Shugaban Ƙasa ya tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da janye tallafin mai da sakin naira a 2023, suka ninka wannan farashi sau da dama, a daidai lokacin da mai noman rani ke sayen fetur ɗin injin ban ruwa da sabon kuɗi.